Macijin Kusugu da Shirun Mutanen Gari: Nazari a Kan Jigon Adalci a Tarihihin Bayajidda

Mafi yawan manazartan da suka waiwayi tarihihin Bayajidda, tun daga H. R. Palmer a 1928 har zuwa M. G. Smith a littafinsa kan Daura na 1978, sun fi mai da hankali ga asalin sarauta da kafuwar Hausa Bakwai. Wannan maƙala za ta dubi wani jigo da ba a cika kula da shi ba, wato matsayin jama'ar da ta zauna da zalunci har ta saba da shi.

Labarin ya nuna maciji mai suna Sarki ya tare rijiyar Kusugu, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Abin lura shi ne, babu inda aka ce mutanen Daura sun taɓa yin gayya don su kau da shi. Sun tsara rayuwarsu ne bisa dokarsa, har tsohuwa Ayana ta bayyana wa baƙonta ƙishirwar gari tamkar al'ada. Wasu manazarta na ganin macijin abin bauta ne. In haka ne, shirun ya ƙara nauyi, domin tsoro ya rikiɗe ya zama girmamawa. Da gari ya waye kuwa, waɗanda suka yi shiru jiya su ne suka fito suna da'awar kisan.

To, ko labarin ya halatta wa mutum ɗaukar doka a hannunsa? Mai karatu da gaggawa zai ce i. Amma akwai sharuɗɗa uku da zubin labarin ya gindaya. Na farko, laifin macijin a fili yake, gari duka shaida ne. Na biyu, Bayajidda ya adana kan macijin, wato hujja. Na uku, sai da aka kai maganar gaban Daurama, aka bincika, aka ƙaryata masu da'awa, sannan aikin ya sami karɓuwa. Ashe takobi bai zama hukunci ba sai da ya bi ta fada.

Wannan bambanci yana da muhimmanci a yau. 'Yan sa-kai a Katsina da Zamfara sun taso ne inda hukuma ta gaza, amma sau da yawa zato ne hujjarsu, kuma ramuwar gayya ta biyo baya. A watan Maris na 2025, a Uromi ta Jihar Edo, an kashe mafarauta 16 da ke kan hanyar zuwa Kano bisa zargi kawai, jama'a na kallo. A can, taron da ya yi shiru da hannun da ya yi kisa sun haɗu wuri guda.

Sai dai tarihihin yana da rauninsa. Ya saka wa jarumi da aure da mulki, amma bai tuhumi fadar da ta bar talakawa da ƙishirwa ba, bai kuma tuhumi talakawan ba. Ya koyar da jiran mai ceto daga waje. Malamin da ke koyar da shi a aji ya kamata ya ɗora wa ɗalibai tambayar da magabata suka tsallake: me ya hana mutanen Daura zuwa bakin Kusugu ranar Asabar?