Sarauta ko Zuri'a: Rabe-raben Halittu a Duniyar Tatsuniya

Manufar wannan takarda ita ce duba yadda duniyar tatsuniya take jera halittu daraja-daraja, kamar yadda ake jin tatsuniyoyin a bakin tsofaffi a ƙasar Matazu da Malumfashi da Funtuwa, sa'an nan a auna ko sunan da muka saba ba wasunsu, watau "tatsuniyoyin dabbobi", ya dace da su.

Sunan dai ba daga bakin masu tatsuniya ya fito ba. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, ya zuba labaran a cakuɗe. Da Neil Skinner ya fara fitar da fassararsu a 1969 sai ya sake musu tsari, ya ware waɗanda dabbobi suka fi yawa a ciki waje guda. Wannan ya sauƙaƙa wa mai bincike aiki, amma mu malamai muka ɗauki kason tamkar na asali, muna koyar da shi ba tare da tambaya ba.

Idan aka saurari tatsuniya da kyau za a ga rabon farko da take yi shi ne tsakanin gida da daji. Akuya da kare da kaza da jaki na gida ne, suna ƙarƙashin ɗan Adam, kuma duk ranar da ɗayansu ya ƙetare ganuwa to labari ya fara, domin ya shiga ƙasar da ba tasa ba. A daji kuwa jerin na fada ne. Zaki ne sarki, ko da yake giwa ta fi shi jiki, wanda ya nuna cewa girma dabam, sarauta dabam. Dila malami ne, gare shi ake kai shari'a. Kura tana da ƙarfi, amma kwaɗayi da wauta sun hana ta muƙami. Zomo da kurege talakawa ne waɗanda dabara kaɗai ke fisshe su. Ma'aunin ke nan: wa ke cin wa, wa ke yi wa wa hukunci. Masana kimiyya sun tabbatar da cewa kura ta fi kusa da zaki da kyanwa a zuri'a bisa ga kare da dila, amma wannan zumunci bai taɓa hana zaki na tatsuniya wulaƙanta ta ba. Dodo ma, wanda ba ya cikin littafin kowane masani, yana da gurbinsa a jerin kamar kowa.

Inda kason "dabbobi" ya fi karyewa shi ne wajen Gizo. Bahaushe ba ya kiran gizo-gizo dabba, ƙwaro yake ce masa. Gizo na tatsuniya kuma yana noma, yana cin bashi, yana zuwa gaisuwar surukai, yana magana da tsamin baki, yau yana fadar sarkin gari, gobe yana ta zaki. Matarsa Ƙoƙi sunanta na ƙoƙi-ƙoƙi ne. A lissafin kimiyya wannan aure ba ya ɗauruwa, gama gizo-gizo ƙafa takwas gare shi, ƙoƙi-ƙoƙi shida, kowanne ajinsa dabam. Tatsuniya ba ta ƙirga ƙafa. Ta haɗa su ne saboda hali: maƙetaci na bukatar mai haƙuri a ɗaka, wadda za ta gargaɗe shi ya ƙi ji. A ganina Gizo ba shi da matsayi a jerin ko kaɗan, kuma rashin matsayin shi ne aikinsa, domin da shi ake gwada ko na sama ya cancanci zamansa.

Kada a ɗauka cewa aron tsarin mulki don jera halittu ƙauyanci ne na Bahaushe. Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, da ya buga Systema Naturae a 1735, ya kira mafi girman rabonsa masarauta, ya yi guda uku, ta dabbobi da ta tsirrai da ta ma'adinai, sa'an nan ya sauko zuwa aji da rukuni da jinsi da iri. Jemage kuwa, wanda ake ba da labarin cewa tsuntsaye sun ƙi shi saboda haƙora, dabbobi sun ƙi shi saboda fiffike, shi ma Linnaeus bai tsira daga gare shi ba: a bugu na goma, na 1758, ya sa shi rukuni ɗaya da birai da ɗan Adam, sai daga baya aka ware shi.

Akwai inda tsarin tatsuniya ya gaza, kuma ya kamata a faɗa. A ƙasar da auduga da dawa da masara suke riƙe da gidaje, tsirrai kusan ba su da murya. Tsamiya da kuka suna samun daraja ne kawai don iskokin da aka ce suna zaune a cikinsu. Manomin Matazu ya san ƙuduji da gara da fara da jan-baki sani na haƙiƙa, yana da nasa rabon na mai ɓarna da mai amfani, amma wannan ilimi nasa a gona ya tsaya, kaɗan ne ya shigo hira.

Batun ya shafi masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya da ke cikin wannan taro. Yaron da ya tashi da sanin cewa dabba mai ƙafa huɗu ce, ƙwaro da kifi da tsuntsu kowanne dabam, in ya shiga aji aka ce masa sauro da tarwaɗa da shi kansa duk suna cikin masarautar dabbobi, zai ji kamar zagi ne ko wasa. Malamin da ya fara da tambayar ajin me ya sa aka ƙi jemage, ya bar yara su yi gardama a kan haƙori da fiffike da shayarwa, ya riga ya kai su ga ma'aunin Linnaeus kafin ya ambaci sunansa.