Maginan Gangara da Katangar da Ke Tare Ƙasa

Wanda ya sayi fili a Kano ko Maiduguri ba kasafai yake tunanin gangara ba. Ƙasa shimfiɗe take: a ja igiya, a haƙa tushe, a soma jera bulo. Amma wanda rabonsa ya faɗo a Jos, ko a Asokoro da Katampe da Mpape a Abuja, tun ran da ya je ganin fili zai lura cewa gaban filin da bayansa ba daidai suke ba. Wani lokaci bambancin ya kai tsayin mutum, wani lokaci ya ɗara. Kafin a sami tsakar gida inda yara za su yi wasa, a yi shanya, mota ta sami wurin tsayawa, sai an sare tudu an cike kwari. Ita kuwa ƙasar da aka sare ba ta yarda ta tsaya a miƙe; kullum so take ta zube ta koma gangararta. Sai an gina mata katangar da za ta tare ta. A ganina, cikin duk ayyukan ginin gidan zama babu wanda ya kai wannan buƙatar basira, kuma babu wanda masu gida suka fi rainawa.

Dalilin rainin shi ne, a ido ba ta da bambanci da katangar da ke zagaye gida. Amma katangar zagaye nauyin kanta kawai take ɗauke da shi, sai ɗan kaɗawar iska. Mai tare ƙasa kuwa dare da rana ana tura ta daga gefe guda, shekara da shekaru, ba hutu. Ƙasar da za ta cika akwati mai mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi tana da nauyin kilo 1,800 ko kusa da haka. Idan mai yashi ce wadda ruwa ke wucewa ta cikinta, kusan kashi ɗaya cikin uku na dannawar da take yi ƙasa shi ke juyewa ya zama turi zuwa gefe. Katanga mai tsayin mita 1 tana shan turin kusan kilo 300 a kowace mita ta tsawonta. A ninka tsayin ya zama mita 2, turin ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu zai yi, wato kilo 1,200. Ƙarfin da ke neman kifar da ita kuwa ninki takwas yake yi. Shi ya sa mai gida zai ce, "Malam, ƙara mini layi huɗu kawai," gwanin magini ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, in za a ƙara sama, sai an koma ƙasa an sake tushe."

Masana sun daɗe da rubuta wannan lissafi. Wani injiniyan sojan Faransa, Coulomb, wanda ya yi shekaru yana aikin ginin ganuwa a tsibirin Martinik, ya wallafa nasa a 1776. Rankine ɗan ƙasar Sikotilan ya kawo tasa hanyar a 1857, kuma har yau su biyun ake koya wa ɗaliban injiniya. Maginin da ke fasa dutse a gefen Jos wataƙila bai taɓa jin sunayensu ba. Abin da ke burge ni shi ne, idan ka tsaya ka kalli yadda yake faɗaɗa gindin katanga yana tsuke samanta, za ka ga abin da lissafin ya ce shi hannunsa ke yi.

Amma babban abokin karawarsa ba ƙasa ba ce, ruwa ne. Jos na samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, mafi yawansa tsakanin Afrilu da Oktoba, kuma a Yuli da Agusta ƙasa ba ta samun sararin bushewa. Idan ruwa ya taru a bayan katanga bai sami mafita ba, shi bai san kashi ɗaya cikin uku ba. Da dukan nauyinsa yake turawa. Katangar nan mai mita 2 da ke shan kilo 1,200 lokacin rani, idan bayanta ya cika da ruwa har sama, turin zai haura kilo 2,600. Wannan ne ya sa katangun da ke faɗuwa ba a tsakiyar rani suke faɗuwa ba, sai cikin marka, galibi bayan an kwana ana tafka ruwa. Idan kuma ƙasar bayan yumɓu ce, abin ya ƙara muni: ta sha ruwa ta kumbura, ta bushe ta tsage, ruwan gaba ya bi tsagar ya gangara har gindi.

Saboda haka rabin gwanintar maginin a ɓoye take, inda ba mai gani bayan an rufe. Ba ya mayar da ƙasar da aka haƙo ya jingina ta da katanga. Sai ya bar tazara kamar santimita 30 ya cika ta da tsakuwa wankakkiya tun daga gindi har kusa da sama, domin ruwan da ya zo ya sami hanyar sauka da sauri. Tsakanin tsakuwa da ƙasa yakan sa wani irin yadi mai tace ruwa, ko ya jera tsakuwar daga manya zuwa ƙanana zuwa yashi, don kada laka ta shiga ta toshe. A gindi ya kwantar da fayif mai huji-huji, ya karkata shi kaɗan zuwa inda ruwa zai fita. A jikin katangar kuma ya bar ƙofofi, kowace mita ɗaya da rabi ko biyu, kaɗan sama da ƙasa. Daga can sama sai ya rufe tsakuwar da ƙasa mai danƙo, ya ja 'yar magudana, don ruwan da ke gudu a kan tudu ya bi gefe maimakon ya nutse. Duk wannan kuɗi ne da lokaci, kuma babu ko ɗaya da baƙo zai gani ya yaba. A nan ake gane magini mai amana.

Wanda ke son ganin asalin wannan hikima ya tafi duwatsun Mandara, kan iyakar Najeriya da Kamaru. A Sukur, cikin ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, da kuma tsaunukan Gwoza a Borno, mutane sun mayar da jikin dutse gonaki hawa-hawa, kowane hawa da katangar dutse da ke tare ƙasarsa, ba siminti ba laka. Gidan Hidi, sarkin Sukur, da hanyoyin da aka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu, duk da irin wannan hannu aka yi su. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko daga Najeriya. Katangar da ba ta da siminti duk jikinta ƙofa ne, ruwa ba ya samun inda zai taru. Kuma in ƙasa ta ɗan motsa, duwatsun su ma su ɗan motsa su sake zama, ba su tsage ba.

Kada mutum ya ɗauka tara duwatsu ne kawai. Magini zai fara da cire ƙasar sama mai taushi har ya taras da mai tauri, ya binne manyan duwatsu a matsayin layin farko. Faɗin gindin yakan kai rabin tsayin katangar. Kowane dutse tsawonsa ake cusawa ciki, ba a shimfiɗa shi a fuska don ya cika ido ba. Kowane dutse yana zaune a kan mahaɗar duwatsu biyu da ke ƙarƙashinsa, domin in mahaɗa ta hau kan mahaɗa, an buɗe wa tsagewa hanya ke nan. Nan da can ana sa dogon dutse wanda zai ratsa kaurin katangar ya shiga cikin ƙasar baya ya ɗaure su tare. Ƙananan gutsattsari da hannu ake cusa su ɗaya bayan ɗaya, ba zubawa ake yi da shebur ba. Fuskar katangar kuma ba a miƙe take ba: tana kishingiɗa ga tudun, kamar santimita 1 a kowane santimita 6 na hawa. Abin kallo shi ne zaɓen dutse. Gwani zai dubi gurbi, ya waiwaya ya dubi tarin duwatsu, ya ɗauko ɗaya, ya juya shi, ya ɗan sare kunnensa da guduma, ya ajiye. Sai ya taka da ƙafa. In ya yi rawa ko kaɗan, bai zauna ba, sai an gyara.

A filin birni sau da yawa babu sararin katanga mai kauri haka, sai a koma ga kankare da rodi. A nan dabarar ta sha bamban. Ana zuba tushe mai faɗi wanda ya miƙe baya zuwa ƙarƙashin ƙasar da za a tare, sannan katangar ta tashi daga kansa. Idan aka yi ciko, ƙasar da ke son kifar da katangar ita ce kuma ke zaune a kan ƙafarta, kamar mutumin da ke ture ka alhali ya take maka gefen riga. Rodin da ke ɗaukar wahalar a gefen ƙasa ake sa shi, domin nan ne kankare ke neman buɗewa, kuma dole ya lanƙwasa ya shiga cikin tushe sosai. A sa shi a gefen da ake gani, an yi asarar ƙarfe. Bulo mai inci 9 kuwa, wanda cikinsa fanko ne, ba a yi shi don wannan aiki ba, sai in an zura masa rodi an cika shi da kankare, shi ma ga gajeriyar katanga.

Wani abin da nake girmama gwanayen nan da shi shi ne sanin iyaka. A garuruwa da yawa na Amurka, katangar da ta wuce ƙafa 4, wato kusan mita 1.2, sai da izinin hukuma da zanen injiniya. Ma'auni ne mai kyau a ko'ina. Magini na gari, in tsayi ya wuce haka, shi da kansa zai ce a nemo injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ya duba ƙasar ya yi lissafi. Ko kuma ya ba da shawarar da ta fi kowace daɗi: maimakon katanga ɗaya mai mita 3, a raba ta hawa uku, a bar fili mai faɗi tsakanin kowane hawa, aƙalla ninki biyu na tsayin na ƙasa, don na sama kada ya danne shi. Gida ya sami wurin shuka alayyafo da tumatir, ko a dasa jema wadda saiwarta ke nutsawa ta kama ƙasa.

Kafin ya sa diga, sai ya yi tambayoyin da mai gida bai zata ba. Ina ruwan rufin kwano zai zuba? Ina za a haƙa sokawe? Ina tankin ruwa zai zauna, ina mota za ta tsaya? Duk nauyin da aka ɗora kusa da bakin katanga ƙarin turi ne, sokawe a bayanta kuwa damina ce ta shekara cur. Itace mai ƙatuwar saiwa ma a nesanta shi.

Sai haƙuri. Da rani ake wannan aiki. Kankare ana ba shi ruwa aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, don haka ba a gaggawar yin ciko. In lokaci ya yi, kaɗan-kaɗan ake zubawa, kaurin santimita 15 zuwa 20, a daɓe, a ƙara. Kusa da katanga da hannu ake daɓen, ba a kawo babban inji.

Ruwan da ya fito daga ƙofofin nan kuma yana da inda zai je, kuma galibi akwai maƙwabci a ƙasa. Maginin kirki ba ya sakar masa shi a tsakar gida. Yakan ja lambatu a gindin katangar ya kai ruwan har kwalbatin titi. Ran da mai filasta zai zo, yakan tsaya a kansa don kada ya toshe ƙofofin da sunan gyara fuska, sannan ya gaya wa mai gida cewa kowace shekara kafin ruwan farko a sa yaro ya bi su da sanda ya zaƙulo laka da gidan zanzaro.