Shaida a Majami'a da Kewar Ƙauyen da Daji Ya Cinye

A majami'un da ake sujada da Hausa, ECWA ce ko Baptis ko HEKAN, akwai lokacin da mai jagorar sujada kan tambaya ko akwai mai shaida. Sai mutum ya miƙe ya ce a yabi Ubangiji, jama'a su amsa, ya faɗi ƙuncin da ya shiga da yadda Allah ya fid da shi, ya rufe da godiya, wani lokaci ya haɗa da baiko ko ya ɗauko waƙa Zumuntar Mata su karɓa. Ba a cika lissafa wannan cikin adabi ba, alhali adabin baka ne mai tsari, kuma kowane yaron da ya tashi a Makarantar Lahadi ya san inda ake farawa da inda ake sauka. A da, abin da ake kawowa bai wuce haihuwa lafiya, warkewa daga ciwo, cin jarrabawa ko tsira daga haɗarin mota ba.

A bakin Kiristocin da suka fito daga ƙauyukan Birnin Gwari da na bakin hanyarta zuwa Kaduna, wajen Udawa da Buruku, shaida ta samu wani sabon sashe. Yawancin mutanen ƙasar Musulmi ne, Kirista 'yan kaɗan ne, akasari Gbagyi da Kamuku da baƙin da noma ko aiki ya kawo. Masifar kuwa ba ta tambayi addinin kowa ba. A watan Mayun 2018 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 40 a Gwaska, hanyar Kaduna ta zama sai da rakiyar jami'an tsaro, dajin Kamuku da aka mai da gandun ƙasa a 1999 ya koma mafakar masu garkuwa da mutane, ya haɗe da na Kuyambana ta ɓangaren Zamfara. Ƙauyuka suka watse, wasu suka shige cikin garin Birnin Gwari, wasu suka gangaro gefen Kaduna.

Idan irin wannan mutum ya tashi ba da shaida, ba ya farawa da daren gudu. Yakan koma can baya, lokacin da yake yaro. Za ka ji korar tsuntsaye a gonar dawa, tsintar kaɗanya da sanyin safiya, ɗorawa da ɗinya, bin manya cirar zuma a dajin da yau ba mai iya doso shi. Za ka ji majami'ar laka mai rufin ciyawa, da mai bishara da ke zuwa a kan keke, da tulun da mata ke bugawa suna waƙa. Kusan ba wanda ke tsallake Kirsimeti: sabon ɗinki, shinkafa da miya, da kwanon abinci da ake ba yaro ya kai gidan maƙwabci Musulmi, wanda shi ma zai rama ranar Sallah. A nan muryar mai shaida ke rawa, a nan kuma mai jagorar sujada ke fara duban agogo.

Abin da ya dame ni ke nan. Tsarin shaida yana gaggawar kaiwa ga godiya, don haka wannan dogon waiwaye sai a ga kamar ɓata lokaci ne, ko ma raunin bangaskiya. Masu wa'azi suna da nassosin da suke jawowa nan take: matar Lutu da ta waiwaya ta zama umudin gishiri, gargaɗin Yesu ga mai riƙe da garma yana duban baya, da maganar Bulus ga Filibiyawa a kan barin abin da ya wuce don cim ma abin da ke gaba. Nassosin gaskiya ne, amma an ɗora su a inda ba wurinsu ba. Matar Lutu Saduma ta waiwaya, garin da Allah ya hukunta. Abin da Bulus ya zubar kuwa taƙamarsa ce ta asali da ta addini. Tsohuwar da ke kuka don kabarin mijinta yana ƙauyen da ba ta iya zuwa, ba Saduma take kewa ba, gidanta ne da aka raba ta da shi da bakin bindiga. Wanda ya ce mata ta daina waiwaye ya ƙara mata nauyin laifi a kan nauyin rashi.

Littafi Mai Tsarki, wanda Hausawa suka samu cikakke da harshensu tun 1932 ta hannun su Dakta Miller na Wusasa, bai hana kewa ba. Zabura ta 137 kukan 'yan gudun hijira ce a Babila, waɗanda suka kasa rera waƙar gida a ƙasar baƙi, kuma an bar ta cikin littafin sujada, ba a share ta ba. Bahaushe ma ya ce waiwaye adon tafiya.

Sai dai ba zan ce duk abin da kewa ta faɗa gaskiya ne ba. Ƙauyen da ke cikin shaida ya fi ƙauyen da aka bari kyau. Ba a ambaton macen da ta rasu a hanyar asibiti tana naƙuda, ko yaran da ƙyanda ta kwashe, ko makarantar da ba malami, ko fashin da aka daɗe ana yi a hanyar tun kafin a san garkuwa da mutane. Yaro bai san waɗannan ba domin iyayensa ne suka ɗauke masa su, shi ya sa babba ke tuna zamanin kamar ba shi da aibi. Littafin Mai-Wa'azi ya yi gargaɗi a kan mai cewa kwanakin da sun fi na yanzu. Na ga inda kewa ta zama dabaibayi: magidanci ya ƙi neman sana'a a gari, ya ƙi sa yara makaranta, kullum cewa yake gobe za a koma. Shekara ta bi shekara, yaran suka girma ba boko, ba noma.

A ganina wasiƙar Annabi Irmiya ga kamammun Babila, a sura ta 29, ita ce ta fi dacewa da mutanen nan, kuma ba a cika wa'azi da farkonta ba, an fi son ayar alkawarin da ke gaba. Ya umarce su su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar garin da aka kai su, ba tare da ya ce su manta Urushalima ba. Yusufu ma ya yi mulki a Masar, ya yi iyali a can, amma ya rantsar da 'yan'uwansa su ɗauki ƙasusuwansa in za su koma. Mutum yana iya kafa rumfar sana'a a Gonin Gora da ke gefen Kaduna da dukan ƙarfinsa, yana kuma riƙe da sunan ƙauyensu.

Akwai kuma dalili na zahiri. A watan Nuwamban 2024 Gwamnan Kaduna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi sulhu da wasu 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe. Ko sulhun zai ɗore, lokaci ne zai nuna, amma maganar komawa ta tashi daga mafarki ta zama shawara. Gonakin ƙauye galibi ba su da takarda. Iyakarsu tana cikin kan dattawa: daga tsamiyar nan zuwa rafi, daga dutsen can zuwa kukar kakanni. Yaron da aka goyo aka gudo da shi bai san ko ɗaya ba sai abin da ya ji a bakin uwarsa. Ashe sashen shaidar da ake ƙosawa a gama shi ne ke ɗauke da taswirar gado, da sunayen matattu, da labarin zaman amana tsakanin Kirista da Musulmi, wanda yaran da suka tashi cikin tsoro suke bukatar ji fiye da kowa.

Don haka ina roƙon fastoci da dattawan ikilisiya da shugabannin Zumuntar Mata: ku bar mai shaida ya kai ƙarshen waiwayensa kafin a ɗauko waƙar godiya. In lokacin sujada bai isa ba, a ware wata rana. A sa matasa su ɗauki muryar tsofaffi a waya, su rubuta sunan kowane ƙauye da gidajen da ke cikinsa da iyakar gonakinsa, a ajiye a majami'a tun masu labarin suna raye.