Tauraruwa Mai Wutsiya: Daga Shafin Littafi Zuwa Tabarmar Majalisa

Gabatarwa

A shekarar 1969, watau shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafin Malam Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya. Manazarta adabi da dama suna ɗaukarsa a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na farko a Hausa. Labari ne na wani yaro, Kilba, wanda ya haɗu da Kolin Koliyo, wani baƙo daga sararin samaniya, ya shiga jirginsa ya ga abubuwan al'ajabi. Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a auna zubin littafin da wani sabon ma'auni: shin zai yiwu a mai da shi wasan da samari za su zauna su yi a majalisa, kamar a Gyadi-Gyadi ko Tarauni? In kuwa zai yiwu, me za a riƙe, me za a gyara?

Wane irin wasa ake nufi?

Wasan kwaikwayo ne na zaune, ba dandamali, ba rubutacciyar magana. Mutum huɗu ko biyar ke zagaye tebur, kowa ya ɗauki tauraro ɗaya na labarin. Akwai jagora, wanda ke bayyana wuri da abin da ke faruwa, sa'an nan ya tambayi 'yan wasa abin da za su yi. In abin da mutum ya zaɓa yana da haɗari, sai ya jefa ƙwaya mai fuska shida irin ta ludo, ita za ta nuna ko ya yi nasara. Ba a zuba kuɗi, ba kuma wanda ke cinye wani, don haka ya yi hannun riga da caca.

A Amurka aka fara shi a 1974, da Dungeons & Dragons na Gary Gygax da Dave Arneson. A 1977 Marc Miller ya fito da Traveller, wanda ya kai wasan sararin samaniya. A 2019 kuma kamfanin Free League na ƙasar Suwidin ya fito da wasan da aka gina kan fim ɗin Alien na 1979, inda ya ware wani zubi mai kama da fim: labari mai kashi uku, taurarin an riga an tsara su, kowanne da ɓoyayyar manufarsa, ana gama shi a zama kaɗan.

Wannan ba baƙon abu ba ne ɗungurungum ga Bahaushe. Mai tatsuniya jagora ce, 'yan tashe kuwa kowa da tauraron da yake kwaikwayo. Bambancin shi ne, a tatsuniya mai sauraro ba shi da ikon ya hana Gizo shiga rami. A nan kuwa shi ne Gizon.

Abin da littafin ya ba mu

Babban abin yabo ga Malam Umaru Dembo shi ne bai nemo tauraronsa daga Landan ba. Yaron Hausa ya ɗauko, da tunanin yaron Hausa, ya ɗora shi a jirgin sama jannati. Duk mai son tsara wasa daga wannan littafi, wannan ne jarinsa, domin ɗan wasa ba zai iya yanke shawara a madadin mutumin da bai san halinsa ba.

Na biyu, marubucin ya sauya tushen abin al'ajabi. A Gandoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, waɗanda aka buga a 1934, aljanu ne ke ɗaukar mutum su ƙetare duniya da shi. A nan kuwa na'ura ce. Wannan sauyi yana da amfani ƙwarai ga wasa, saboda na'ura tana lalacewa, tana buƙatar gyara, tana da ƙa'idar da ɗan wasa zai iya ganowa da hankalinsa.

Inda zubin ya gaza

Amma fa a ganina akwai rauni, kuma tabarmar wasa ce ke fito da shi fili. Jirgin na Kolin Koliyo ne, sanin hanya ma nasa ne. Kilba baƙo ne a tafiyar. A littafi wannan ba laifi, don mai karatu shi ma baƙo ne, yana kallo ta idon yaron. A wasa kuwa, in jagora ya riƙe Kolin Koliyo, ya zama shi ke tuƙi, shi ke bayani, to sauran sun koma 'yan rakiya, kafin a sha shayi zagaye biyu an watse.

Rauni na biyu shi ne tafiyar yawon buɗe ido ce, daga wannan abin mamaki zuwa wancan. A kwatanta da Ruwan Bagaja: tun daga farko mun san abin da Alhaji Imam ya fita nema, da dalilin da ya sa ba zai koma gida hannu banza ba, ga kuma Malam Zurƙe yana ɗana masa tarko a hanya. Buri da abokin hamayya su ne ke jan labari, kuma su ne ɗan wasa ke buƙata kafin ya jefa ƙwaya.

Yadda za a gyara

Alal misali, a ce jirgin baƙon ya faɗo da tsakar dare a bayan Kasuwar Tarauni, baƙon ya ji ciwo ba ya iya tashi. Da wannan kaɗai an ƙwace linzami daga hannunsa an miƙa wa 'yan wasa. Taurari huɗu: bakanike daga Gyadi-Gyadi, direban Adaidaita Sahu, ɗaliba mai koyon aikin jinya, da mai shayin bakin titi. Kowa a ba shi takarda mai ɗauke da sirrinsa. Bakanike bashi ya yi masa katutu, yana hangen kuɗin da ƙarfen jirgin zai kawo. Ɗalibar kuwa ta fahimci ciwon baƙon yana iya yaɗuwa.

Kashi na farko, gano jirgin da ɓoye shi. Na biyu, neman kayan gyara a cikin dare, a nan sirrin kowa zai fara fasuwa. Na uku, yanke shawara: a sallami baƙon, ko a miƙa shi, ko wani ya bi shi. A kuma sa wa'adi: in aka kira assalatu jirgin bai tashi ba, tauraruwar da yake bi ta wuce. Wannan ba ƙarya aka yi wa kimiyya ba, domin irin waɗannan taurari suna daɗewa ba su dawo ba. Ta Halley an gan ta a 1910 da 1986, ba a sa ran ta kuma sai 2061.

Kammalawa

Titin Gidan Zu, maƙwabcin Gyadi-Gyadi, ya daɗe da zama matattarar masu shirya fim, amma tun daga Turmin Danya na 1990 soyayya da rikicin gida ne suka fi yawa a finafinanmu. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne nuna jirgin sama jannati a fim yana cin kuɗi. A tabarma kuwa takarda da biro da ƙwaya sun isa, kuma a nan take marubuci zai ga inda labarinsa ya kama mutane da inda suka fara hamma. Saboda haka ina ba 'yan wannan ƙungiya shawara su sake karanta Tauraruwa Mai Wutsiya, su jarraba wannan tsari a zamansu, su kuma ƙirƙiro kalmomin wasan da Hausa tun kafin na aro su riga mu zama. Allah ya sa mu dace.