Satifiket goma, manhaja ko ɗaya babu

Akwai wani yayi da ya shigo sana'ar rubuta manhaja wanda yake damuna ƙwarai. Matashi ya yi kwas na wata uku, ya karɓi satifiket, bai huta ba ya faɗa wani. Yau React, gobe Flutter, jibi duk abin da aka ce shi ke tashe. In ka ce ya nuna maka aikinsa, sai ya jero maka ƙananan manhajoji, kowacce an fara ba a gama ba, kuma babu wadda wani ya taɓa dogara da ita har ya kira shi da dare ya ce ta tsaya.

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 abin ya ƙara gudu. Yanzu mutum na iya sa na'ura ta rubuta masa shafi guda, ya kwafa, ya ga yana aiki, alhali bai san dalilin da ya sa yake aiki ba. Ni ba na ƙin waɗannan kayan aiki, suna rage wahala sosai. Amma ranar da kuɗin mai saye ya fita sau biyu daga asusunsa, dole wani ya zauna ya bi rubutun layi bayan layi har ya gano inda ɓarakar take. Wannan mutumin ake biya.

Labarin Andela ya isa ya sa mu yi tunani. An kafa kamfanin a Legas a 2014 don horas da sababbin shiga, a haɗa su da kamfanonin waje. A watan Satumban 2019 ya sallami kusan 400 daga cikin ƙananan injiniyoyinsa a Najeriya da Kenya da Uganda, domin masu ɗaukar aiki gogaggu suke nema. A lura, wannan ya faru shekaru uku kafin ChatGPT. In tun lokacin kasuwa ta cika da masu sanin sama-sama, ina ga yanzu?

Gogewa kuwa ba a aji take ba. Yaron tela da sa maɓalli da gyaran yagaggen wando yake farawa, a nan yake ganin yadda maigidansa ya haɗa ɗinki. Haka mai koyon manhaja: ya ɗauki aikin da wani ya rubuta shekaru biyar baya, ya karanta, ya gyara kuskure ɗaya ba tare da ya ɓata wani wuri ba. GitHub cike yake da irin waɗannan ayyuka a buɗe, kyauta. Mai koyo ya riƙe yaren rubuta manhaja ɗaya sosai, ya iya SQL da Git, waɗanda sun riga yawancin abin da ake yayi yau, ya gina wa mai kanti ko wata makaranta ƙaramar manhaja, ya ci gaba da kula da ita shekara guda cur.

Shirin horaswa na 3MTT da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a 2023 ya buɗe wa mutane da yawa ƙofa, na kuma yaba. Sai dai bayan kwas, wa zai duba aikin yaron ya ce masa nan ka yi daidai, nan sake? Wannan nauyi yana kanmu mu da muka daɗe a sana'ar, a Kano da Kaduna da Abuja. Kowannenmu ya ɗauki ƙane ɗaya ko ƙanwa ɗaya, ya ware awa guda a mako yana karanta abin da suka rubuta tare da su.