4.3 Sharhi a Kan Tsarin Lasisin Microsoft Teams

Kamar yadda aka gani a babin da ya gabata, a da kamfani kan sayi manhaja sau ɗaya, ya yi ta amfani da ita har ta tsufa. Tun daga fitowar Office 365 a shekarar 2011, lamarin ya koma haya, inda ake biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara bisa yawan ma'aikata. Wannan sashe zai yi tsokaci ne a kan yadda aka cusa Teams cikin wannan haya.

Microsoft ya fito da Teams a shekarar 2017, ya haɗa ta da Word da Excel da Outlook a lasisi guda, ba tare da ya yanka mata farashi na daban ba. A zahiri wannan rangwame ne, domin mai saye ya huta da biyan kuɗi biyu da kula da kwangila biyu. Amma idan aka yi la'akari da kyau, za a ga cewa zaɓi aka ƙwace masa. Kamfanin da ya riga ya biya kuɗin Office da wuya ya sake fitar da wasu kuɗin domin Slack, ko da kuwa ma'aikatansa sun fi son ta. Wannan ne ya sa Slack ya kai ƙara gaban Hukumar Tarayyar Turai a watan Yulin 2020.

Hukumar ba ta buɗe bincike ba sai a watan Yulin 2023. Daga nan Microsoft ya raba Teams da Office a Turai a watan Oktoba na wannan shekarar, sannan a sauran duniya a watan Afrilun 2024. A watan Satumban 2025 hukumar ta amince da alƙawuran da ya ɗauka, waɗanda suka haɗa da faɗaɗa tazarar farashi tsakanin lasisi mai Teams da maras ita, da sauƙaƙa wa mai saye kwashe bayanansa zuwa wata manhajar.

A ganin wannan nazari, gyaran ya zo a makare. Shekarun da aka ɓata su ne na annobar korona, lokacin da ofisoshi suka koma aiki daga gida, kowa ya saba da abin da ya tarar a kwamfutarsa. Manhajar haɗin gwiwa kuwa ba kamar ta rubutu ba ce: hirarrakin ma'aikata da fayilolinsu da tarukansu duk a cikinta suke taruwa, saboda haka ƙaura daga gare ta kan yi tsada fiye da kuɗin lasisin kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A taƙaice, bai kamata kamfani ya auna lasisi da farashinsa kaɗai ba. Wajibi ne ya binciki sharuɗɗan fita daga kwangilar tun kafin ya sa hannu.