A Dawo Mana da Malam Zurƙe

Jama'a, akwai wani zalunci da muke yi wa tsofaffin littattafanmu na Hausa, kuma da sunan girmamawa muke yin sa. Mun ɗora su a kan kanta muna kiran su adabi. Yaro ya haddace sunan marubuci da shekarar bugu saboda jarrabawa, yana fitowa daga ɗakin jarrabawar ya watsar. Mun manta cewa da yawansu littattafan ban dariya ne, an rubuta su don mutum ya karanta har ya riƙe ciki.

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar aka samu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Shaihu Umar da Jiki Magayi labarai ne masu sosa zuciya. Sauran ukun kuwa raha ce ta riƙe su: ɗaya na ɗan wayo, ɗaya na mai cika baki, ɗaya na ɓarawo.

Mu mutanen Jihar Neja muna da kaso babba a wannan gado. A Kagara aka haifi Abubakar Imam a 1911, kuma Bello Kagara wansa ne. Daga Kwantagora labarin Ruwan Bagaja ya tashi, can kuma Ganɗoki ya gwabza da Turawa. Wato biyu daga cikin biyar ɗin, 'yan gida ne suka rubuta su.

Mu ɗauki wuri ɗaya a Ruwan Bagaja mu ga irin aikin da ke ciki. Alhaji Imam, jarumin labarin, ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki don ya wanke limamin garinsu daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. A hanya ya sauka wani gari ya ce shi malami ne, alhali bai san komai ba. Mutane suka karɓe shi hannu bibbiyu. Sai ga Malam Zurƙe ɗan Muhamman, mai karatu na gaske, ya zo zai tona masa asiri. Aka taru. Alhaji ya ja wani ɗan lanƙwasasshen zane a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta lissafo haruffan da zanen ya yi kama da su, Alhaji na cewa a'a. Daga ƙarshe ya bayyana wa jama'a cewa ai jinjirin wata ne ya zana. Kowa ya duba ya ga lallai haka ne, aka yi wa Zurƙe ature.

To, wa ake yi wa dariya a nan? Da farko za ka ce Zurƙe. In ka sake dubawa sai ka ga taron jama'ar ne abin dariya, mutanen da suka kori mai ilimi suka rungumi maƙaryaci don maganarsa ta fi sauƙin ganewa. Imam yana ɗan shekara ashirin da biyu, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, ya hango wannan ciwo. Bai hau mumbari ya yi wa'azi ba. Ya bar mu mu gama ƙyaƙyatawa, sannan mu gane da mu ake. Ya kuma samo wannan salo a wurin da malamanmu na zaure suka sani, domin shi da kansa ya faɗi cewa ya amfana da Maƙamatul Hariri, inda mai wayo ke yawo gari gari yana cin abinci da bakinsa.

Yau fa? Alhajin nan yana nan, sai dai ya sayi waya. Shi ne mai maganin da ke warkar da cuta arba'in a tasha. Shi ne mai cewa kawo dubu goma ka karɓi dubu hamsin ƙarshen wata. Shi ne mai kiran waya ya ce daga banki ne, a faɗa masa lambar kati. Mu da ke zaune a bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna, baƙo na sauka kullum, mun san su sarai. Yaron da ya taɓa yi wa Alhaji Imam dariya ya riga ya ga yadda damfara ke tafiya, kuma wannan rigakafi ne.

Ruwan Bagaja ma ya yi sa'a, ana tunawa da shi. Ganɗoki an mai da shi littafin tarihin yaƙi, alhali rabin daɗinsa cika bakin tsohon ne, yadda yake zuba wa yara labari, shi da ɗansa Garba Gagare su tashi daga yaƙin Turawa su faɗa yaƙi da aljanu ba tare da ya ko yi tari ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsohon soja ko tsohon direba a majalisa ya san wannan murya. Idon Matambayi kuwa shi ne maraya a cikinsu. Labarin ɓarawo ne da dabarun da ɓarayi ke ƙulla wa juna, amma sau nawa ka ji an ambace shi in ba a jerin sunaye ba?

Ba cewa nake yi ba su da aibi. Labaran na tafiya ne kamar carbi, wannan ƙwaya bayan waccan, wani lokaci ba abin da ya haɗa su sai jarumin. Mata ba su samu wuri sosai ba. Wasu wasannin da Alhaji da Zurƙe ke yi wa juna ma mugunta ce tsagwaronta, kuma ya dace babba ya nuna wa yaro hakan. Amma Hausar da ke ciki, da yadda ake ajiye magana daidai inda za ta fashe, har yau marubutanmu na da abin koyo.

Shawarata ba ta da tsada. Waɗannan littattafai na kunne ne. A samu mai murya a gida ko a majalisa bayan sallar isha'i ya karanta shafi uku a bayyane, a ga ko yara za su ajiye waya. Malaman Hausa na makarantunmu su bari a yi dariyar tukuna kafin a shiga maganar jigo da salo. Masu zuwa kasuwar Suleja su riƙa tambayar masu sayar da littattafai, domin ɗan kasuwa ba ya saro abin da ba a nema. Wanda kuma ke da tsohon kwafin Idon Matambayi a ƙasan akwati, don Allah ya fito da shi kafin gara ta riga mu karantawa.